Layun Tumfafiyar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da wani abokin aikina, muka nufi ƙauyenmu a bayan Ɗanzomo. Kawuna ne ya kira ni, wai an yi wa gonarsa asiri. Mu shida aka cusa a bayan mota, har da akuya, direba kuma ya rantse kuɗin mota bai hau ba, mu ne muka daɗe ba mu fita ba. A Ɗanzomo muka sha koko da ƙosai, ɗan acaɓa ya kwashe mu cikin yashi.

Gonar tana kan jigawa, tumfafiya ta kewaye ta. Kawu ya ɗaga wani ganye da sanda, don ya ƙi taɓawa da hannu. Subhanallahi! Wasu 'yan abubuwa ne a rataye, kore shar, ba su kai dabino ba, kowanne da ɗige-ɗige kamar na zinari. Wallahi ni ma da farko na ɗauka layu ne.

"Wa zai rataya layun nan in ba makiyayin can ba?" in ji Kawu. Mutumin da yake nufi, tun ina yaro yake sauka a gonar duk rani, shanunsa na ba ta taki. Ashe har Kawu ya kai ƙara wurin mai unguwa, an ba makiyayin kwana biyu ya tashi.

Da na nutsu, sai ga tsutsa mai zanen baƙi da rawaya tana cin ganyen, ga ɓawo fanko a gefe. Na ce, "Kawu, ba layu ba ne. Tsutsa ce ta rufe kanta, malam-buɗe-littafi ne zai fito." Ya yi mini kallon wanda boko ya lalata. Raina ya ɓaci, na ce to zai gani da idonsa. Na tsinko ganye mai ɗauke da ɗayansu da ya yi duhu, alamar ya kusa fashewa, na sa a kwalba.

Washegari da hantsi na kai kwalbar gaban mai unguwa, a nan ɓawon ya tsage, abu ya fito yana miƙe fukafukai ruwan goro. Wuri ya ɗauki salati. Kawu ya zura takalmi ya nufi rugar makiyayin don ya ba shi haƙuri, muna biye da shi. Ba mu tarar da komai ba sai turaku da toka mai ɗumi. An ce tun da sassafe shi da shanunsa suka bi hanyar Maigatari.

Na iso gida da la'asar ina ta tunani. Tun jiya na san gaskiya, ruga kuma ba nisa. Maimakon in je in ce wa bawan Allah nan ya dakata, sai na zauna gadin kwalba don Kawu ya san na yi karatu.