Baba Kyari, Wanda Ya Koya Mini Tsayawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Baba Kyari, tsohon makanikin moto na Zangon Damagaram, bayan gajeriyar jinya.

Baba, ni ce Bilkisu ungozoma. Shekarar da aka tura ni aiki Gouna, aka ba ni moto, wato babur, don zagaya ƙauyuka, hawa kawai na iya. Tsoron birkin gaba nake, don an ce yana kifar da mutum. Da na zo na faɗa maka, ka yi dariya, ka buɗe tafin hannunka ka ce, “'Yata, abin da taya ke taɓawa a ƙasa bai kai wannan ba. A kansa ranki yake, kada ki firgita shi.”

Ka nuna mini yadda nauyi ke komawa gaba idan an rage gudu, tayar gaba ta danne ƙasa ta ƙara riƙo. Shi ya sa ake matsa birkin sannu, sannan a ƙara ƙarfi, ba a fizga. Ka watsa rairayi bisa kwalta, ka sa na ji yadda taya ke sulɓewa. Ka hana ni kama birki cikin kwana. Da na faɗi, kai ka fara karkaɗe mini zane kafin ka dubi moton.

Wata damina na ɗauko mace mai naƙuda zuwa likita, an yi yayyafi, hanya duk santsi. Sai ga amalanken shanu ya ratso gabana. Hannuna ya so ya damƙe, na ji muryarka, na matsa sannu. Muka tsaya hancin bijimin na huci a gwiwata. Matar ta sauka lafiya, namiji. Da na ba ka labari, ka juya baya kana share ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

Ranar jana'izarka 'yan kabu-kabun da ka koyar suka kashe inji, suka bi makararka suna tura motocinsu da hannu har maƙabarta.

Ina miƙa ta'aziyya ga iyalanka, Inna Aisa, da Sulaiman da Zuwaira, da dukan dangi. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka Baba, ya yalwata kabarinka, ya tabbatar da ƙafarka bisa siraɗi, ya sada ka da Aljanna Firdausi. Amin.