Saje Hawainiya da Allurar Matarsa

In ka ga mutum yana tafe a layin bayan bariki kamar wanda ya zuba ƙwai a aljihun wando, ba sai ka tambaya ba, Saje Hawainiya ne. Sunan ya bi shi tun yana ƙaramin soja, har ya cinye nasa na gaskiya. Mutum ne da ko murfin tukunya zai ɗaga sai ya fara leƙa gefensa. In iska ta kawo leda ƙofar gidansa ba ya shurin ta, zagaye ta yake yi yana harara kamar sun taɓa faɗa. Maƙwabta kan ce ranar da gobara za ta kama gidansa, sai an kashe an share toka kafin ya gama sa takalmi.

Ba halinsa ba ne, aiki ne ya mai da shi haka. Yana cikin sojojin da ake kira in an tsinci bam. Kowa na neman hanyar gudu, su kuma suna tambayar hanyar zuwa. Sai a ja igiya a kori jama'a, a fara tura 'yar motar nan mai hannu ɗaya da ake tuƙawa daga nesa. In ta iya, madalla. In ta kasa, sai mutum ya taka da ƙafarsa, shi kaɗai, cikin wata riga mai nauyin buhun siminti, da ƙaton kwalkwali a ka. Rigar ta rufe wuya, ta rufe ƙirji, ta rufe gwiwa. Hannu kawai ta bari a waje, don siririyar waya ba ta kamuwa da safar hannu.

Rigar nan ba ta sawuwa sai da taimako, shi ya sa suke aiki bibbiyu, yau kai ka shiga, gobe ni. Kuma suna da wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba: wanda ya ɗaura maka riga, shi zai kwance maka. Ko Kyaftin, shugabansu, ba ya taɓa maɗaurin da wani ya ɗaure. Abokin aikin Saje shi ne Kofur Rediyo, wanda Allah ya ba baki bai ba shi makunnin kashewa ba. Yana ɗaure ka yana ba ka labarin surukarsa, da ciwon haƙorinsa, da kajin da zai kiwata in ya bar soja.

"Saje, ka rage ciki mana! Rigar gwamnati ce, ba ta san auren tela ba, babu mai buɗa ta."

"Ɗaura ka yi shiru."

"In na yi shiru ai ka san na mutu."

Matar Saje tela ce, kekenta na kusurwar falo kusa da taga. Kullum da safe kafin ya fita sai ya tsaya ya zura mata zare a allura. Matan layi suna ta yi mata tsiya, wai tsufa ya zo soyayya ba ta tafi ba. Ita dai murmushi take yi. Ta san ba don idonta yake yi ba. Hannunsa yake aunawa. In zare ya shiga, ya fita da ƙarfin gwiwa.

Abin ya fara ne daga cokali. Yana juya shayi, sai cokalin ya riƙa buga kofi, ƙil-ƙil-ƙil, ba da izininsa ba. Ya ce sanyi ne. Bayan kwana biyu zaren ya fara yi masa gardama. Ya lasa, ya murza, ya matsa kusa da taga, zare ya bi gefen allura ya wuce kamar bai san ta ba.

"Baban yara," in ji matarsa, "ka je ka gaya wa manyanku."

"Allurar ce ta lanƙwashe."

"Sabuwa ce, yanzu na ciro ta."

"To zaren ne."

"Zaren ma lafiyarsa ƙalau. Ka dubi Allah ka dube mu."

Ya san abin da ke jiran mai rawar hannu a wannan aiki. Ba korar sa za a yi ba, sito za a kai shi, ya zauna yana miƙa wa yara takalma da barguna. Mutumin da titi guda kan yi tsit in ya fara takawa, a ce shi ne mai jera takalma? Ya ce mata zai faɗa, bari dai a shiga wani satin. Satin ya shigo ya fita. Ya koyi sa hannun dama a aljihu in yana gaban Kyaftin, ya koma shan shayi da hagu.

Ran da abin zai faru, da hantsi aka kira su. An ga wata jaka a saman matakalar wani bene mai shaguna, waya ta leƙo ta gefen zif. Matakalar siririya ce, ga kwana, 'yar motar ta hau rabi ta tsaya tana kuka. Dole mutum. Kuma ranar Saje ce.

Rediyo ya ɗaura masa wando, ya ɗaura ƙirji, yana cikin labarin wani zakara da aka sayar masa ashe gurgu ne. Ya miƙo masa filaya. Filayar ta yi rawa a hannun Saje kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Labarin zakara ya tsaya cak.

"Tun yaushe?" Rediyo ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Sanyi ne."

"Da ranar nan? Yaya, ni fa ba matarka ba ce."

Bai jira amsa ba, ya fara kwance abin da ya ɗaura, yana ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ranka ya daɗe, cikin Saje ya ɓaci! In ya shiga rigar nan da wannan cikin, wallahi babu mai sake sa ta. Mu yi musanya, ya biya ni gobe."

Sojoji suka kwashe da dariya, har Kyaftin ya juya kai yana murmushi, ya ce su yi sauri. Nan ne wurin da Saje ya kamata ya buɗe baki. Kalma biyu ce: hannuna ne. Sai a san abin da ake ciki. Amma dariyar ta yi masa rumfa, ya shige ƙarƙashinta ya yi shiru. Shi ya ɗaura wa Rediyo rigar, maɗauri bayan maɗauri, ya kifa masa kwalkwali, ya buga kafaɗarsa.

Rediyo ya tafi yana surutu ta na'urar magana, yana ƙorafin matakala, yana cewa a ajiye masa shayinsa. Da ya durƙusa gaban jakar sai ya yi shiru, yadda kowa ke yi. Ya raba wayar da ake gani, ya ce an gama da wannan. Ashe wanda ya haɗa abin ya ɓoye wani ƙaramin bam a ƙarƙashi, domin mai kwancewa.

Ƙarar ba ta ma kai yadda mutane ke zato ba. Kamar an saki ƙofar ƙarfe ne da ƙarfi. Doka ta ce a dakata, ko akwai wani. Saje bai dakata ba. Waɗanda suke wurin sun rantse ba su taɓa sanin yana da gudu ba sai ranar. Rigar ta yi aikinta, ta tsare duk abin da ta rufe. Da ma'aikacin jinya ya iso da almakashi zai yanke maɗauran, ya tarar Saje ya riga ya kwance su. "Ni na ɗaura," kawai yake ta faɗa.

Washegari ya shiga ofishin Kyaftin, ya ciro hannun daga aljihu, ya miƙe shi a kan tebur, ya bar shi ya yi bayani da kansa. Yanzu yana sito. Takalma a jere, barguna a ninke, babu sito mai tsari irin nasa. Matarsa ta sayi tabarau, ita ke zura zarenta. Ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Rediyo ya daɗe a asibiti, ya fito babu hannun dama daga wuyan hannu, na hagu kuma saura babban yatsa da rabin wani. Bakin dai yana nan. Gidansa na ƙarshen layi, kuma kowace safiya za ka ga Saje ya nufi can da tafiyarsa ta mai ƙwai a aljihu. Matar Rediyo takan goge rigar mijinta ta rataye a jikin ƙofa, ta shige kicin. Ta fi Saje saurin sa maɓalli nesa ba kusa ba, amma ta gane ba gaggawa ake nema ba.

"Ga injin ɗinki ya iso," Rediyo kan ce in ya ga hannun na rawa. "Yaya, kafin ka gama rigar ta tsufa."

"Tsaya da kyau."

"Ni ke motsi ko kai?"

Sau ɗaya Saje ya taɓa ɗauko maganar. Yana kan maɓalli na tsakiya ya ce, idonsa a ƙasa, "Da na faɗa tun farko..."

"Da an haɗa ni da wani, ranar ta faɗo a kaina ko a kansa. Ko kuma kai ka shiga da wannan hannun, mu kwashe ka a bokiti. Wa ya sani? Ni dai ina bin ka bashin kwana ɗaya, na ce ka biya gobe."

Saje bai yi dariya ba. Ya hau zuwa maɓallin wuya, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, ya kama, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Rediyo ya ɗaga haɓa, ya yi shiru, ya jira shi.

Da ya gama ya juya zai tafi, Rediyo ya bi shi da murya har ƙofa: "Kar ka makara da yamma fa. Jiya har na fara gyangyaɗi da riga a jikina."