Goggo, Kujerun Sun Iso

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, wajen ƙarfe uku na rana, Goggona, yayar mahaifina, ta yanke jiki ta faɗi a bakin injin naɗe sabulu, a masana'antar da ta yi wa aiki shekara goma sha tara. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarta, ya taso ya toshe mata huhu. Abokan aikinta sun ce minti ashirin injin ya tsaya, sannan aka sake kunna shi.

Goggo, kin san ni ba mai magana ba ce. Ko a aji sai Malam ya kira ni sau biyu kafin murya ta fito. Amma an so a yi miki ƙarya da bakina, shi ya sa na ɗauki biro.

Tun ina ƙarama na san ƙafafunki kafin na san aikinki. Kullum kika dawo sai na kawo miki ruwan ɗumi a roba, ki tsoma su, sun kumbura har takalmi ya zana musu layi. Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma a tsaye kuke, ku arba'in, don manaja ya ce hannun da ya zauna ba ya sauri. Shekara goma sha ɗaya kina neman abu guda: kujera. Kin rubuta takarda, kin tara sa hannu, an dakatar da ke sau biyu, har matan layin aikinku suka sa miki suna Uwar Kujera.

Kina cikin ruwan nan kike miƙo mini littafin da kika samo a ƙungiyar ƙwadago, wanda bangonsa ya yage, ki ce, "'Yar boko, karanta mini, idona ya gaji." A bakinki na fara jin kalmar gurguzu da kalmar jari-hujja. Da na ce ban gane ba, kika ɗaga sabulu ɗaya kika ce, "Kafin ƙarfe goma na naɗe abin da ya isa ladana na yini. To daga goma zuwa shida, wa nake yi wa?" Sannan kika ce, "Littafin nan gaba ɗaya wannan tambayar yake yi. Sauran duk dogon Turanci ne."

Ran da na gaya miki Malam ya ce gurguzu ya mutu, a babin tarihi kawai ya rage, dariya kika yi har ruwa ya fantsama. "Ki gaishe da Malam. Ki ce masa ƙafafuna ba su samu labarin rasuwar ba." Ba ki taɓa cewa duk abin da aka yi da sunan gurguzu daidai ne ba. Cewa kika yi muddin wasu na tsaye wasu na zaune a kan guminsu, tambayar tana nan da ranta.

Ba baki kaɗai gare ki ba. Lokacin da Doguwa, maƙwabciyarki a layin aiki, take da ciki wata takwas, ke kika riƙa naɗe rabin nata a kan naki, kika kifa mata bokiti a bayan kwalaye tana zama a ɓoye.

Kwana tara bayan rasuwarki, kujerun suka iso, Goggo. Guda goma sha biyu, ga mata arba'in, kowace da tambarin kamfani da rubutun "Kyauta daga hukumar gudanarwa". Kyauta! Abin da kika yi shekara goma sha ɗaya kina nema da ƙafafunki. Aka shirya taron miƙa su, aka kira masu ɗaukar hoto, jami'in ma'aikata ya aiko da takarda wai 'yar gidanku mai karatu, wato ni, ta karanta. A layi na huɗu an rubuta: "Marigayiya 'yar gida ce, mai haƙuri, wadda ba ta taɓa yin ƙorafi ba."

Na kai wa Baba. Kin san shi ma a can yake lodin mota, mu shida muke ci a hannunsa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Karanta musu, 'yata. Goggonki ta tafi, mu muna nan." Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda suka sa mutum ya zaɓa tsakanin gaskiyar 'yar'uwarsa da abincin 'ya'yansa ne. Kina da rai sun hana ki zama, kin mutu kuma suna so su hana ki bakinki.

Na hau dandamali. Na karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku. Da na zo na huɗu sai na hangi Doguwa a tsaye a baya. Kalma ɗaya na canza, Goggo. Na ce, "wadda ba ta taɓa daina ƙorafi ba." Muryata ƙarama ce, amma lasifika ba ta san haka ba.

Sai Doguwa ta ɗaga murya: "Yauwa, yanzu muka gane wadda ake nufi! Saura kujera ashirin da takwas, ranka ya daɗe!" Matan suka ɗauka da tafi, kuma babu wadda ta zauna a cikinsu har aka tashi.

Washegari aka kira Baba ofis, aka ce ya ja wa 'yarsa kunne. Da ya dawo na kasa haɗa ido da shi. Ya ajiye hularsa ya ce, "Na gaya musu kin fi ni boko, ban isa in gyara miki karatu ba." Har yau ba mu san abin da za su yi masa ba. Amma shi ya ce in rubuta wannan, kada in rage komai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanki biyu, da danginmu duka, da matan layi, waɗanda ba don takarda ta faɗa ba suka zama 'yan gidanmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, kada Ya ba mu haƙuri da zalunci. Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya zaunar da ke a Aljanna, ki miƙe ƙafafun nan ki huta. Amin.