Saurin Masu Ɗaukar Makara

A Daura ba ma jan ƙafa da gawa. Ana sallame sallar jana'iza ake sungumar makara, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa har maƙabarta. Lokacin ina da ƙarfi kullum ni ne a gaba, har ina jin kaina.

Ranar da muka kai kawunmu, wana ya kasa. Ba mu yi rabin hanya ba ya zauna a dakalin wani mai faci, ya dafe ƙirji yana haki. Da muka dawo na tarar da shi a wurin. A gaban jama'a na ce, "Yaya, mutumin da ya riƙe ka kamar ɗansa, ko ƙasa ba ka zuba masa ba. Wannan son jiki ne." Ya miƙe da ƙyar. Ya koma gidansa a Sandamu, gaisuwarmu ta koma daga salla sai salla.

Bara abin ya zo kaina. Ƙafa ta fara kumbura, zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Likita ya ce jijiyoyin jinina sun ƙandare kamar tiyon da rana ta gasa, zuciyar da ke tura jinin ita ma ta yi tauri. Na ce ai ba inda ke mini ciwo. Ya ce ba sai ya yi ciwo ba. Tun daga nan aka sa mini ido a gida. Miya ba gishiri, ƙwaya safe da yamma, salla a kan kujera kamar baƙo. Buta ma sai an miƙo mini, ni da nake kayar da bijimi.

Da maƙwabcina ya rasu, na ce ko da rarrafe sai na raka shi. Makara ta wuce ni tun a bakin layi. Na zube gindin wata katanga, ina jin wani yana cewa, "Tsohon nan dai akwai son jiki." Na buɗe baki zan zage shi, numfashin bai kai ba.

Washegari na sa aka kai ni Sandamu, ina tsoron kada mutuwa ta riga ni wurinsa. Na same shi a kwance, shekara biyu ke nan bai taka waje ba.

"Yaya, na zo neman gafara. Maganar ranar kawu."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. "Wa ya gaya maka? Likita ko ƙafar?"

"Duka biyun."

"Shekara goma sha ɗaya, sai da ka kumbura. Tun kana yaro ba ka jin magana sai a jikinka."

Gaskiyarsa ce, kuma ta ba ni haushi.

"Na yafe," ya ce. "Amma in na riga ka, kada ka bi ni da ƙafa ka ba ni kunya a hanya. Ka hau babur."