Na Kashe Alhaji Mudi a Shafin Ƙungiya

Jama'a ku cece ni, yau na kashe mutum yana raye!

Da safe Alhaji Mudi, shugaban ƙungiyarmu ta manoma a nan Gwarzo, ya ce in sa sanarwar rasuwar gwaggonsa a shafinmu na intanet. Da na jera sunayen 'yan uwa a ƙasa, ya leƙo ya ce, "Kai Sabo, sunana daidai da na ƙannena? Ƙara masa girma!"

Malam Ishaya da ya haɗa mana shafin ya sha gaya min, salon rubutun babban take na kan labari ne kaɗai. Ban ji ba, na danna wa sunan Alhaji shi.

Ashe duk abin da aka sa wa salon, shafin ɗauka yake ya kai sama! Kowa ya buɗe sai ya ga "Sanarwar Rasuwa: Alhaji Mudi."

Kafin azahar motoci biyu sun iso daga Garo, mata na ta kuka. Na zo gyarawa, sabis ya ɗauke! Malam Ishaya yana aji, wayarsa a kashe.

Yanzu haka ina bayan rumbu a ɓoye. Ina jiyo Alhaji yana rantse wa surukinsa cewa bai mutu ba. Innalillahi, ga shi nan yana cewa a nemo masa Sabo!