Murjanin da Na Kashe da Hannuna Ranar Sallah

Saura kaɗan in fasa aiko muku da wannan labari, don idan mai furfura ya zo yana kukan murjani, wasu za su ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. To, su faɗa. Lokacin ina zaune a Silver Spring ta ƙasar Amurka da iyalina, kuma ni mutum ne da aiki ya yi ta yawo da shi. Na leƙa tekun Jidda, na shiga kwalekwale a Zanzibar, sai nake ganin ba abin cikin ruwa da zai gagare ni, alhali Bakano ne ni da ko a kogin Wudil bai taɓa iyo ba.

Autata ce ta kawo maganar. Shekara ɗaya ta rage mata ta tafi jami'a, kuma irin yaran nan ce da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, shi ma a gutsure. Rannan ta ce tana so mu haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri mu yi kiwon murjani, ni da ita. Ni da na san murjani a wuyan kakata, sai a bakinta na ji wai abu ne mai rai. Muka kafa tanki a falo, muna dama gishiri tare, tana gwada ruwa ina riƙe mata kwalba. Har Hausa ta fara kuɓucewa daga bakinta: "Baba, miƙo bokiti." Allah ya sani, wannan ya fi mini tankin daɗi.

Da muka je shago, mai sayarwa ya ce ruwanmu sabo ne, mu fara da masu laushi masu juriya, masu rassan nan sai tanki ya yi watanni ya zauna. Yarinya ta zaɓi wani ruwan ƙasa mai kama da naman kaza. Ni kuwa idona ya faɗa kan wasu shuɗɗa kamar ƙahon barewa. Da mutumin ya ce waɗannan ba na ɗan koyo ba ne, sai jinin kasuwa ya motsa mini, don a wajenmu in ɗan kasuwa ya ce maka kaya ba naka ba ne, raini ne. Ga Sallah saura kwana goma, kuma a gidana za a taru. Na ɗauki uku. Ta ja rigata tana cewa mu bi a hankali, na ce mata na ga murjani a garinsu tun ba a haife ta ba. Nata kuma na tura shi bayan dutsen da ke cikin tankin, kada ya ba ni kunya.

Ranar Sallah na shafe hannuwana da turaren mai har gwiwar hannu. Baƙi na bakin ƙofa sai na ga ɗaya daga cikin shuɗɗan murjanin ya karkace. Yarinyar ta sha gaya mini kada in sa hannu a tankin ban ɗauraye ba, amma na tsoma na gyara. Aka yi ta yabo, wani abokina likita yana tsokanata wai Alhaji ya kwaso Bahar Maliya ya zuba a falo. Kwana biyu sai naman jikin shuɗɗan ya fara saɓulewa, kafin mako duk ukun sun koma fari fat kamar ƙashi. Mai shago ya ce ko ba turare da wuya su kai labari, ni dai na gaggauta musu ne. Mummunan nan na bayan dutse kuwa ya ɗan tsuke, ya sake buɗewa, daga baya har ya zama biyu.

Yarinyar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Daina kirana ta yi. Ita kaɗai take dama gishirinta, Turancin ya dawo, bokitin ma da kanta take ɗauka.

Don haka mai shirin kafa irin wannan tanki, ya fara da mai juriya ko da muni gare shi, ya bar ruwa ya zauna, ya wanke hannu. In kuma ɗanka ya fi ka sanin abu, shekarunka ba za su hana murjani mutuwa ba.

Ranar da na kai ta makaranta a College Park, ta ba ni takardar yadda zan kula da nata. Ta buɗe mota za ta fita, sai ta juyo ta yi mini Hausa tsantsa.

"Baba, tankin nan, don ni ka yarda muka yi shi, ko don baƙi?"