Tuwon 'Yar Majalisa a Gwaram

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da direba da baƙuwar da aka ɗauke ni in yi wa tafinta. Baturiya ce, 'yar majalisar wakilan Amurka. Sa'ad da muka samu 'yancin kai ta yi koyarwa a Birnin Kudu, kuma yayata ce ta koya mata 'yar Hausar da yanzu ta zube, sai gaisuwa. Yayar tawa malamar asibiti ce a Gwaram. Tunda bana an ce har mata za su jefa ƙuri'a, ta ƙudurta sai ta tsaya kansila, kuma a ranar ne dattawan unguwarsu za su nuna wanda suke so. Fatanta ta zauna kusa da baƙuwar nan a gabansu, su gani da idonsu cewa mace tana riƙe gari.

Hanyar Wudil ta sha sabuwar kwalta, amma tuni ta fara ɓarewa. Kuɗin mai sun zo, kowa ya zama ɗan kwangila. A gefen titi ga tarin siminti da ruwan sama ya mayar da shi dutse, ga gonakin gyaɗa sun koma saura. Direbanmu ya ce ko akuya ta iya sa hannu, bana sai ta samu kwangilar gada.

A mota baƙuwar ta ba ni labarinta. Wai rigimar famfon unguwarsu ce ta jefa ta siyasa. Ta tsaya kansila ta sha ƙasa, ta sake tsayawa ta ci. Daga nan ta zama magajiyar garin birninsu, inda ta ce ranar da ta fara shiga ofis mai gadi ya nuna mata ɗakin masu buga tafireta. Ta yi dariya, na taya ta, amma zuciyata tana wajen Yaya.

A Birnin Kudu muka karya kumallo da ƙosai da kunun tsamiya. Mai ƙosan tana ganin farar fata ta ninka kuɗin, ko kunya babu. Baƙuwar ta tsaya tana kallon duwatsun garin, ta ce su kaɗai ne ba su canja ba. Bayan Kiyako muka bar kwalta, muka shiga burji mai kaɗa hanji. Dawa ta yi kai, mata na tafe da ƙorai a ka, masu kekuna suna kauce mana cikin ciyawa.

Tun daga nesa na hango rumfa a Gwaram. Ashe ofishin da ya shirya tafiyar ya buga waya cewa babbar baƙuwa na zuwa, sai zaman dattawa ya koma biki. Aka kai ta kujerar tsakiya, maza hagu, maza dama. A wajensu Baturiya mai muƙami namiji ce. Ni kuwa aka ba ni benci a bayanta. Na duba ko'ina, babu Yaya.

Na tambayi wani dattijo. Ya ce, "Ai ita muka damƙa wa girkin baƙuwa. Duk garin nan wa ya san tsabtar Turawa kamarta? Girma ne muka ba ta."

Na san Yaya ba ta da bakin ƙi. In ta ƙi, a ce ta wulaƙanta baƙuwarta. In an ba wata girkin cikin Baturiya ya ɓaci, garin ne ya ji kunya, kuma laifinta ne. Karatun da take tinƙaho da shi, shi ya kai ta gindin murhu.

Aka shiga jawabi. Wannan ya ce mata iyayen giji, wancan ya ce ilimin mace ilimin al'umma. Ni nake juya duk wannan zuwa Turanci. Baƙuwar ta tashi ta faɗi yadda ta riƙe birni, suka yi ta tafi suna cewa, "Kai, matan Turawa sai Allah!" Ta kira sunan Yaya, ta ce a kawo ta. Aka ce tana tafe, ranki ya daɗe. Sai ga akussa: tuwon shinkafa, miyar taushe, soyayyun kaji, fura mai sanyi. Wallahi ban taɓa cin tuwo mai daɗin nan ba, ban kuma taɓa cin wanda ya tsaya mini a wuya kamarsa ba. Ana wanke hannu babban dattijo ya ce, tunda Allah Ya tara su, ga wanda suka tsayar. Ya ɗaga hannun wani Alhaji ɗan kwangila, aka shafa fatiha.

Na ja hannun baƙuwar muka kutsa cikin gidan da ake girkin. Ga Yaya a tsugune cikin hayaƙi, idanu jajur, tana kankare tukunya. Suka rungume juna, baƙuwar tana kuka. Yaya ta riga ta ji, domin guɗar matan gidan Alhajin ta iso har nan. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, tambaye ta, gishirin ya ji?"

Ban fassara wannan ba. Na kasa.

Muka kama hanyar dawowa. Wajen Birnin Kudu baƙuwar ta ce ita ma ta faɗi a karon farko, Yaya ta sake gwadawa. Na ce mata ke faɗuwa kika yi, ita ko filin ba a bar ta ta taka ba. Mun shigo Kano ana kiran magariba, na sauka da ciwon baya da ƙullin kajin da Yaya ta cusa mini.

Na tafi ina zaton zagi za a yi wa Yaya, har na tanadi amsa. Babu wanda ya zage ta. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a wajenmu ba sai an yi faɗa ake hana mace kujera ba. Girmama ta ake yi, a yi ta girmama ta, har a gama rabo.